Rigar da Ba a Taɓa Wankewa Ba

Ranar Talata da hantsi ina fama da zik ɗin wani wando da ya ƙi fita, sai Howard manajan kasuwa ya leƙo rumfata yana haki, wai in hau bene na biyu yanzu-yanzu, an yi wa Desmond sata. Na ce masa ni tela ce, ofishin 'yan sanda yana bayan tashar bas.

Ya ce, "Noreen, don Allah. Rigar gilashi ce."

Sai na ajiye rezar da nake farke zik ɗin da ita.

Babu wanda bai san rigar gilashi ba a kasuwar nan tamu, tsohuwar masaƙar da aka mayar kasuwar gwanjo a Manchester. Baƙar tishat ce ta ƙungiyar mawaƙan Gutter Parish, ta zagayen da suka yi a 1991, da hoton hankaka a kan turken wuta. Ƙungiyar ta watse ana tsakiyar zagayen, don haka rigunan ba su da yawa a duniya. Desmond Ashworth ya tsinci tasa fil a leda cikin wani kwali, ya sa ta a akwatin katako mai murfin gilashi ya rataye a bayan kantarsa. Shekara goma sha huɗu yana damun mu da magana ɗaya: ba a taɓa sa ta ba, ba a taɓa wanke ta ba, ruwa bai san ta ba. Ko ashana ka shiga aro sai ka ji wannan karatun.

Ni kuwa dalilin da ya sa ake kira na, a ƙuruciyata na yi shekara tara ina bin mawaƙa gari-gari, ina sayar musu da riguna a bakin ƙofa fam biyar-biyar. Waɗanda suka yi kwantai da su muke goge tebur. Yau su ake sa wa gilashi. In ka ba ni riga, daga ɗinkinta da tawadarta zan gaya maka shekararta da hannun da ta bi, shi ya sa suke ce mini Mai Bin Sawu. Ba na son sunan, don ba a taɓa biya na ko sisi a kansa ba.

Na tarar da mutum ya kai ashirin a cunkushe cikin shagon, kowa ya bar kayansa ya zo kallo. Gilashin na kan kanta a buɗe. Gefe guda ga wani dogo mai jaka a hammata, Lucian, dillalin da ya taso daga Landan a jirgin safe don ya biya fam dubu uku ya tafi da rigar.

"Ba ita ba ce," in ji Lucian. "Tun kafin in taɓa ta na gaya masa."

Desmond fuskar nan ta yi jawur. "An musanya mini ita. Ranar Alhamis na buɗe na auna ta, lafiyarta lau, na mayar na kulle. Makullin kuma ga shi can a ƙusa, kowa ya san inda yake."

Na sa tabarau na ɗauki rigar. Kalmasar layi ɗaya ce, irin ta da. Yadin tsoho ne. Ɗan tambarin da ke wuya na gaske ne, babu ko shakka. Amma tawadar sabuwa ce, tana da laushi a yatsa, kuma a idon hankakan akwai wani ɗan ɗigon fari da na asali bai da shi.

Na ce, "Wannan ai bugun Yvonne ne."

Da ƙarfi na faɗa, irin na mai son a san ta iya aikinta. Kowa ya juya bakin ƙofa, inda Yvonne Crabtree take tsaye da kofin shayi a hannu.

Kafin azahar Desmond ya sa hotonta a zauren 'yan gwanjo na waya, mai mutum dubu huɗu, da kalma ɗaya a ƙasa: ɓarauniya. Kafin la'asar Howard ya manna takarda cewa kwamiti zai zauna ranar Juma'a da safe a kan ƙwace rumfarta. A sana'armu in aka ce kana musanya kaya, ka gama, ko a Glasgow ba mai ba ka tebur.

*

Rumfar Yvonne tana bene na uku kusa da bayi, inda ake jefa sababbin zuwa. Shekararta biyu a nan, tun da aka rufe maɗaba'ar da take aiki. Tana sayen tsofaffin riguna marasa zane ta buga musu zanen mawaƙa, ta sayar fam ashirin ga wanda ba shi da dubu uku. Da wannan take riƙe da 'ya'ya biyu da uwa mai ciwon ƙafa.

Na same ta tana ninke kaya cikin kwali. Ba ta ɗago ba.

"Kin zo ki ƙarasa ni ne?"

"Na zo in ji guda nawa kika buga na hankakan."

"Shida. Ina gama na shidan Desmond ya kai ni ƙara, Howard ya hana ni." Ta jefa wata riga cikin kwalin. "Biyu na aika Norway, ga rasit ɗin gidan waya in kina so. Ɗaya tana jikina, ga ta. Biyu Rupert ya saya. Ɗaya Howard ya karɓe wai shaida."

Ta juyo mini da wuyan ta jikinta. Jan ƙyalle ne ɗinke a ciki, an rubuta sabon bugu ne.

"Kowace riga tawa da wannan take fita. Ban taɓa ce wa kowa tsohuwa ce ba. Masu jiƙa sabuwar riga da shayi su shanya a rufi su ce ta shekara talatin suna nan a bene na ɗaya, kin san su, na san su. Yau su ne suka fi kowa tofar da yawu in na wuce."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin ya ƙona mini rai. Na ce mata kada ta kwashe kayan tukuna.

Ta ce, "Ke kin saba ba da umarni, Noreen." Ta ci gaba da ninki.

*

Rupert Quayle shi ke shirya wa masu tallan kayan sawa a mujallu sutura in za a ɗauke su hoto. Shekara uku yana bin Desmond kamar jela wai ya ara masa rigar gilashi na wuni ɗaya, Desmond yana korar sa. In akwai wanda zai sace ta, shi na fara zargi, don haka ranar Laraba na shiga ruwan sama na tafi ɗakin hotonsa.

Na same shi cikin kwat mai tsada, a ƙarƙashi wata kodaddiyar tishat mai huji a kafaɗa. Wata doguwar mata tana tsaye gaban fitilu sanye da hankakan Yvonne, an datse rigar sama da cibiya, ga siket na siliki, ga sarƙar lu'ulu'u.

"Anti Noreen," ya ce, yana buɗe hannuwa. "Kin ga yadda ake sa su bana? Abu mai tsada a ƙasa, abu mai datti a sama. Sirrin ke nan."

"Ina ɗayar?"

Ya zaro ta daga cikin tsibin kaya. Ita an yanke mata wuya gaba ɗaya don ta zamo daga kafaɗa. Wuyan da ya yanke yana cikin kwandon shara, da jan ƙyallen Yvonne a jikinsa. Ta jikin matar ma nata jan ƙyallen yana nan. Biyu cif, babu wadda za ta shiga gilashi.

Na nuna ta jikinsa. "Wannan da ka sa, faɗa mini waƙarsu ɗaya."

Ya dubi ƙirjinsa kamar yau ya fara ganin rubutun. "Haba Anti. Zanen nake sa wa, ba waƙar ba."

"Da Desmond ya ara maka ta gilashin, me za ka yi da ita?"

"Ɗan datsewa kaɗan, ba yawa."

Na ja tsaki na fito. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Da ya sace ta, da tuni tana mujalla babu rabinta.

*

Saura ta shidan. Howard ya buɗe mini aljihun teburinsa yana ta kame-kame. Akwai batir, akwai biskit da ya kwana biyu, akwai safar hannu guda. Babu riga.

"A nan na sa ta, na rantse."

"Yaushe ka gan ta ƙarshe?"

"Watan jiya. Ko wanda ya wuce."

"Wa ke shiga ofishin nan?"

"Kowa. A nan tukunyar dafa shayi take."

Na dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Na ɗan zarge shi na minti biyu, sannan na tuna mutumin da bai iya ɗinka maɓallin rigarsa ba, matarsa ke kawo mini, ba shi zai zauna ya cire jan ƙyalle ya dasa tsohon tambari ba.

Tambarin nan shi ya hana ni sakat duk wunin. Na koma rumfata na zauna gaban keke ban taka ba. Tambarin na gaske ne, na rigar gilashin ne, har da ɗan lanƙwasar da ke kusurwarsa na sani. To wane ɓarawo ne zai saci rigar dubu uku ya farke mata tambari? Ai ya raba kuɗinta biyu da hannunsa. Yvonne ta san haka, kowane ɗan gwanjo ya sani. Ba a cire wa riga tambari sai in rigar ba ta da sauran amfani.

Na nemi lambar Lucian na kira shi. Ya ɗauka yana tauna wani abu.

"Ka nemi awo kafin ka taso?"

"Wa zai sayi riga bai ga awo ba? Hammata zuwa hammata, tef a kwance, a ɗauki hoto. Ya ce mini Alhamis zai buɗe gilashin ya turo. Alhamis shiru. Juma'a na tuna masa, Asabar na sake. Sai ranar Litinin hoton ya zo, shi ma dishi-dishi, kamar a cikin rijiya aka ɗauka."

"Kwana huɗu a kan hoto ɗaya."

"Na ɗauka tsufa ne. Kuɗin jirgina fa wa zai biya?"

Na ce ya tambayi manaja, na kashe.

*

Ranar Alhamis na hau wurin Desmond. Yana zaune bayan kanta ya yi tagumi, mutane na shigowa ɗaya-ɗaya suna masa jaje kamar an yi mutuwa. Wata ma har kek ta kawo. Yvonne ba wanda ya kai wa ko ruwa.

Na ce ina so in sake duba jabun, in auna faɗinta, amma na mance tef ɗina a ƙasa. Da hankalinsa na jikinsa da ya gane, shekara talatin ba a taɓa ganina ba tef a aljihu ba. Ya ciro nasa daga wuya, rawaya, ya miƙo mini.

Na ja shi tsakanin yatsuna na auna, na mayar masa. Sannan na dubi hannuna. Babban yatsana da manuni sun yi baƙi, wani laushin gari kamar na gawayi. Na kai hanci. Ƙaurin tsohon ƙarfe.

Gilashin yana jingine a ƙasa. Na durƙusa kamar zan ɗaure takalmi, gwiwata tana ƙara. A gindin farin kwalin da ke bayan gilashin, a cikin lungun katakon, ga garin nan ya taru siriri.

Na san garin. Na san ƙaurin. Kuma wani takaici ya kama ni, don da na duba gilashin nan ranar Talata maimakon in buɗe baki, da ba a kai nan ba.

"Kin ga wani abu?" in ji Desmond.

"Gobe," na ce.

*

Juma'a da safe, kafin a buɗe kasuwa, muka taru a wurin shan shayi na ƙasa. Kwamitin mutum biyar ne, amma 'yan kallo sun fi talatin. Howard na tsakiya da takardunsa. Desmond a dama, tef a wuya. Yvonne ita kaɗai a teburin ƙarshe da jakarta a cinya. Rupert ma ya zo, don na ce masa za a yi abin kallo.

Howard ya fara karanta dokar kasuwa sashe na kaza. Na ce masa ya dakata, ƙafata ba za ta jure tsayuwar ba. Na zaro wata baƙar tishat daga leda na shimfiɗa a tebur.

"Wannan tawa ce. Kwantan 1992, daga ƙarƙashin gadona. Ba a taɓa sa ta ba, ba a taɓa wanke ta ba. Desmond, auna mini ita."

Bai motsa ba.

"Hammata zuwa hammata, yadda muka saba. Ka shimfiɗa, ka ɗan ja gefe da gefe ta miƙe."

"Ni ba yaronki ba ne, Noreen."

"To Rupert, zo ka yi."

Rupert ya taso yana murmushi, ya kama hammatar nan biyu da yatsu, ya ɗan ja. Rigar ta yage tun daga ƙirji har ƙasa, da ƙara irin ta takarda. Ya saki ya ja baya, yana kallon yatsunsa da suka yi baƙi ƙirin.

"Wallahi ban ja da ƙarfi ba."

"Na sani. Baƙin rini na shekarun nan, in ba a wanke riga ba, yana zama cikin zaren yana cin sa a hankali. Wanki ɗaya tak da an yi mata tun tana sabuwa, da ta tsira. A ido lafiya lau take, sai ranar da aka ja. Rabinku kun san wannan, kun taɓa asarar kwali guda a kansa, amma ba wanda ya taɓa gaya wa Desmond, don kuna jin daɗin karatunsa." Na juya. "Desmond, cire tef ɗin wuyanka ka ba Howard ya shafa."

Desmond ya kai hannu wuya, ya riƙe tef ɗin, bai cire ba.

Na ce, "Ɓarawo ba ya farke tambarin rigar da ya sata. Mai riga ne kawai yake yi, in rigar ta mutu a hannunsa."

Desmond ya saki tef ɗin, ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryar ta wani ce daban.

"Ja ɗaya na yi mata. Ɗaya. Shekara goma sha huɗu ko ƙuda ban bari ya sauka a kanta ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Tana cikin leda a ƙasan kantata. Na ɗauko ta Yvonne a ofis ranar Asabar, na dasa tambarin. Na ce a raina Lucian zai sayar wa wani mawaƙin zamani da bai san komai ba, a wuce wurin."

"Da ya gane fa?" in ji Howard.

"Da ya gane sai na ce an musanya. Me zan ce? In ce ni na kashe ta da hannuna, gaban waɗannan?" Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu. "Amma ni ban kira sunan kowa ba. Ke kika ce Yvonne. Ni bi kawai na yi."

Na so in wanke shi tas, amma gaskiya ya faɗa. Kunya ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun ina makaranta.

Howard ya tattara takardunsa da sauri, murna fal fuskarsa don an rage masa aiki. Ya ce to magana ta ƙare, Yvonne za ta ci gaba da zama a rumfarta, batun Desmond kuma kwamiti zai duba. Mutane suka fara miƙewa, wasu na yi wa Yvonne ɗan murmushin nan na marasa gaskiya. Mai kek ɗin ma har da ɗaga mata hannu.

"Ba ta ƙare ba," in ji Yvonne.

Ta taso ta zo teburin tsakiya. Ta ciro wayarta, ta jingina ta da gwangwanin sukari, ta kunna ɗaukar bidiyo.

"Mutum talatin ne a nan. Dubu huɗu ne suka ga fuskata. 'Yata ta gani a makaranta, ƙawarta ce ta nuna mata. Wanda nake sayen riguna a wurinsa a Leeds ya daina ɗaukar wayata. A inda aka faɗa, a can za a warware."

Desmond ya ja kujera jiki a sanyaye zai zauna gaban wayar. Ta ɗaga masa hannu.

"Kai jira, kai ne na biyu. Kai kowa ya san surutu ne da kai." Ta juyo gare ni. "Noreen, a kasuwar nan maganarki ake ɗauka. Kin duba kalmasa, kin duba tawada, kin duba idon tsuntsu. Ina tsaye a bakin ƙofa taku huɗu daga inda kike, ba ki tambaye ni komai ba."

Kwana uku na yi ina hawa bene da wannan gwiwar, na sha ruwan sama, na bar aikin mutane a kan keke, duk saboda ita. Na so in lissafa mata. Raina ya so ƙwarai. Amma ta tura mini kujerar da ƙafa, idonta a kaina, kuma ba ta yi kama da mai jiran lissafi ba.

Na zauna. Fuskata ta fito a wayar, tsohuwa, gashi a hargitse, yatsu da sauran baƙi.

"Daga ina zan fara?" na ce.

"Faɗi sunanki, da abin da kika ce ranar Talata. Da ƙarfi, yadda kika faɗe shi."